Kada Sabon Tebur Ya Kori Tsohuwar Kwamfuta

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows 11 kuma ba ta hawa kan yawancin tsofaffin injuna, irin waɗanda ke hannun ɗalibanmu na Kwalejin Noma ta Abu Na'ama da masu shagunan buga takardu a Mai Wurno da Singa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a koma Linux, tunda kyauta ce. Mu nan Sudan ba baƙinta ba ne: takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya rufe mana ƙofar manhajoji da yawa.

To amma can ɗin ma ana ta sharar gida. Debian 13, da ta fito a Agustan 2025, ba ta da hanyar girkawa ga injuna masu bit 32. GNOME 49 ta zo da tsohon tsarin nuni na X11 a kashe. KDE ma ta sanar cewa daga Plasma 6.8 sai Wayland kaɗai.

Ni dai ban ga laifinsu kan X11 ba. Tsari ne na 1987, kuma a cikinsa kowace manhaja tana iya leƙen abin da kake bugawa a wata, har kalmar sirri. Masu gyaransa 'yan ƙalilan ne, da yawansu ma aikin sa kai suke yi. Ba adalci ba ne mu ce su yi ta dakon kayan shekara kusan 40 saboda mu.

Inda nake da ja shi ne batun injin kansa. Mutumin da ya tsere daga Singa a tsakiyar 2024, ya dawo ya tarar an yashe masa shago, ka ce masa ya sayi sabuwa? Da wane kuɗin? A Jamus tsohuwar kwamfuta shara ce. A bakin Shuɗin Nilu jari ce, da ita ake buga takardar makaranta da ta asibiti. Duk mai shirin yanke tallafi, ya sanar da wuri, ya kuma bar hanya ga masu son ci gaba da riƙe tsohon. An taɓa yi: da GNOME 3 ta fito a 2011 ta birkita wa mutane tebur, wasu suka ɗauki GNOME 2 suka raya ta da sunan MATE, ga ta nan har yau.

Ku kuma masu gyara, don Allah ku daina ɗora GNOME kan injin da ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce giga 2 ba, sannan a zo ana cewa Linux nauyi gare ta. Ku sa Xfce ko MATE. In mai bit 32 ne, akwai antiX, akwai Debian 12 da za a kula da ita zuwa tsakiyar 2028. Kafin mai ita ya bar shagon, ku gwada masa allon rubutu na Larabci da na Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ a gabansa.