Ɗaga Hilux Inci Shida Ba Zai Fitar Da Ita Daga Lakar Fadamar Argungu Ba

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya sha cin karo da irin wannan bidiyon: Hilux ko Land Cruiser an ɗaga ta sama har sai mutum ya yi tsalle kafin ya shiga, ga tayoyi ƙatti, tana keta rairayin Dubai ko dajin Ostareliya. Abin yana burge matasa, kuma da yake odar kaya daga AliExpress ko Jiji ba ta wuce latsa waya ba, sha'awar ta iso Birnin Kebbi. Hujjar da ake kafawa ita ce hanyoyin fadama, wai motar da za ta shiga gonakin shinkafa na bakin Gulbin Rima da damina dole ta yi tsayi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Ɗagawar da ta wuce inci biyu asarar kuɗi ce a wannan yankin, kuma tana iya cin rai.

Idan aka sa dogon sifirin da doguwar shokazoba, bodi da firam ne ke yin sama. Aksul ɗin baya na Hilux sanda ɗaya ce da ta haɗa tayoyin biyu, a tsakiyarta akwai ƙullin giyar nan da makanikai ke kira dif. Wannan ƙullin yana nan inda yake, ko an ɗaga motar inci goma. To, a hanyar fadama da tarakta da manyan motocin ɗaukar shinkafa suka yi wa kwari biyu, tudun da ke tsakiya shi ke kama dif, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma ba da yawa ba. Wanda ya bar taya mai lamba 265/65R17 ya koma 265/70R17 ya ƙara wa dif tsayin kusan milimita 13 ne kawai. A madadin haka malejinsa zai fara yi masa ƙarya da kimanin kashi 3 cikin 100, yana nuna 100 alhali motar tana kan 103. Kowace manhajar GPS mai nuna gudu a waya za ta tabbatar masa.

Babbar matsalar tana kan kwalta. Motar da aka ce ta daji ce, yawancin tafiyarta a kan titi take yi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ko a zarce Sakkwato, a hanyar da babur ko garken shanu kan faɗo ba sallama. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabba a kan hanya. A gudun kusan kilomita 60 a awa, tayoyi biyu na gefe ɗaya suka bar ƙasa, saura ƙiris ta kife. Wannan fa mota ce yadda ta fito daga kamfani. Daga baya Toyota ta gyara na'urar da ke daidaita motar idan ta fara zamewa, sai dai lissafin na'urar an yi shi ne a kan tsayin asali. Mai ɗaga motarsa inci shida ya mayar da nauyinta sama, ya kuma rikita lissafin da zai cece shi. A ɗora buhunan shinkafa da jarkokin fetur na injin ban-ruwa, ga 'yan aiki zaune a saman lodi, sai kwana ɗaya ta isa.

Sai kuma gaban motar. Tun daga samfurin 2005, kowace tayar gaba ta Hilux mai jan taya huɗu tana da shaf ɗinta mai gaɓa a kowane ƙarshe, an rufe gaɓar da roba cike da giris. Ɗagawa tana karkatar da shaf ɗin, robar ta riƙa gogar kanta har ta yage. Da ta yage, ƙurar hunturu da lakar damina sun samu ƙofa, ba da jimawa ba za a fara jin ƙas-ƙas idan aka karya sitiyari. Bol joyin na sama shi ma yana aiki a takure. Mafi muni shi ne zoben ƙarfe mai arha da ake cusawa a saman sifirin: motar ta yi tsayi a hoto, amma shokazobar da aka ƙera don wani tsayi daban ita ke shan wahala a kowane rami.

Abin lura, lokacin da Bikin Kamun Kifi na Argungu ya dawo a watan Maris na 2020 bayan shekaru ba a yi ba, an yi gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka harhaɗa a Najeriya, ƙarƙashin hukumar NADDC. Shugabanta a lokacin, Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine. Aikin irinsu ne auna tsayin mota da faɗinta da nauyinta su tafi tare, ba abin da za a warware da sifana a yammaci ɗaya ba ne.

Ba a ce ɗagawa ba ta da amfani sam. Manomi ko ɗan kwangilar da motarsa ke yawan dukan ƙasa da ciki ko da bamba, ko wadda sifirin bayanta ya kwanta saboda lodi, inci biyu, wato milimita 50, zai taimake shi, matuƙar an canza sifirin da shokazoba tare, waɗanda aka ƙera don juna. Daga gareji sai wurin alaimen, ba gida ba. A duba cewa tiyon burki bai ɗame ba idan taya ta sauka ƙasa sosai. A sauke fitilun gaba, don kada su riƙa makantar da masu babur da dare. Bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita a koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin baya da aksul, domin sukan saki. Duk ranar da aka ratsa ruwa, a wanke ƙarƙashin motar, a leƙa robobin shaf, a buɗe man dif. Idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, canza shi ya zama dole.

Kuɗin da ya rage ya fi dacewa da tayoyi masu haƙora, igiyar ja mai ƙarfi, shebur, ma'aunin iska, da ƙaramin injin bugun iska mai aiki da batirin mota. A rairayin bakin gulbi, rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci yana shimfiɗa ta a ƙasa, motar ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Da an fito kwalta sai a mayar da iskar yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi da gudu, tana iya fashewa.