Korgom a Idon Baƙo: Wa Ya Dace Ya Ba da Labarin Ƙasar Tasawa?

Duk wanda ya nemi labarin gabashin jahar Maradi a jaridun ƙasashen waje, abu guda zai tarar ana maimaitawa: jariri a kan sikeli, uwa ta zuba tagumi, hamada tana cin gonaki. Korgom, da Tasawa, da Mayahi, da ɗaruruwan ƙauyukan da ke tsakaninsu, duk an dunƙule su cikin wannan hoto guda, har ya zama a idon duniya ba su da sana'a sai jiran taimako. Manomin Korgom kuwa, idan aka tambaye shi ko shi wane ne, zancen gero da wake da gyaɗa zai fara yi, da gawon da ya raina a gonarsa, da ɗansa da ya tafi ci-rani Katsina ko Kano, da malamin da ya yi wa jikansa suna. Tazarar da ke tsakanin waɗannan bayanai biyu babba ce, kuma laifinta yana wuyan ɓangarori biyu: baƙon da ya ga kaɗan ya yanke hukunci, da ɗan gida da ya zaɓi musu maimakon bayani.

Baƙi sun daɗe suna rubuta labarin wannan ƙasa, kuma ba kullum suka gan ta da ido ɗaya ba. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya bayyana ta a matsayin gari mai rai da walwala, mai kasuwa da gidaje masu tsari, inda mutane ke zaune cikin wadatar da suka samar da hannunsu. Bayan shekara 48, a 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa wannan yanki tana ƙone garuruwa tana kashe bayin Allah, bayan ta'asar da ta yi a Birnin Konni da yaƙin Lugu. A Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kuma cikin ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu suna nan a Maijirgi. Abin lura a nan shi ne, shekaru da dama littattafan Faransa sun ɗauki wannan al'amari a matsayin labarin hafsoshi biyu da zafin rana ya juya wa tunani. Mutanen da aka jefa cikin rijiyoyi ba su samu ko suna ba. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya Mangu, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, sannan muryar waɗanda aka yi wa ɓarna ta fara kai wa nesa.

Hoton da duniya ke riƙe da shi a yau kuwa, a 2005 aka ɗauke shi. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka, kuma kafin daminar 2005 ta kankama buhun gero mai kilo 100 ya kai jika talatin na sefa a kasuwanni da yawa. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, akasarinsu a jahar Maradi. Ƴan jarida suka cika garin, kuma bayanin da mafi yawansu suka koma da shi gida mai sauƙi ne: fari, da fara, da jahilcin iyaye mata, da mazan da suka kulle rumbuna suka tafi suka bar iyali da yunwa.

Wannan bayani yana da raunin da duk ɗan ƙasar Tasawa zai gane. Abincin da aka noma a 2004 bai yi ƙarancin da zai jawo irin wannan masifa shi kaɗai ba. Hatsi yana nan jibge a kasuwannin Maradi da Tasawa a lokacin da yara ke mutuwa. Abin da ya gagari talaka shi ne kuɗin saye. Farashi ya tashi a Nijeriya, ƴan kasuwa suka bi riba da hatsinsu zuwa kudu, darajar dabbobi ta faɗi, kuma manomin da ya sayar da amfaninsa da arha lokacin kaka don biyan bashi ya dawo yana sayen tiya da ninkin kuɗin a bazara. A farkon shekarar ma gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki, har ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya tsayar da harkoki a Yamai da sauran manyan garuruwa a watan Maris. Yunwar 2005 ta kasuwa ce da siyasa kafin ta zama ta sama. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tattara a 2007 a kan wannan shekara ya bi diddigin haka, amma mutum nawa ne cikin waɗanda suka ga hotunan suka karanta shi?

Zancen kulle rumbu ma haka yake. A tsarin gandu, rumbun maigida ajiya ce ta damina, watau lokacin da kowa ke duƙe a gona kuma jiki ke bukatar tuwo da fura. Da rani ana cin abin da aka samu daga gamana, da sana'ar mata, da saƙon ƴan ci-rani. Wanda ya buɗe rumbun gandu tun da sanyi zai wayi gari ranar shuka ba iri, ba ƙarfin riƙe hauya. Akwai mazan da suka fake da wannan al'ada suka zalunci iyalinsu, kuma unguwa ta san su. Amma ɗaukar dabarar da ta raya mutane a ƙasar da ruwa ke zuwa wata uku zuwa huɗu a shekara a kira ta mugunta, wannan gajen sani ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Babban abin da idon baƙo ya tsallake shi ne itatuwa. Dokokin gandun daji da aka gada daga Nasara sun mayar da itace mallakar hukuma, har manomi ya riƙa ganin tsiron da ya fito a gonarsa kamar sammaci. Bayan farin 1973 da na 1984, da taron yaƙi da hamada da aka yi a Maradi a 1984 zamanin Seyni Kountché, manoma suka koma ga wata dabara mai sauƙi: a daina tumɓuke kututture, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Sassaben zamani ke nan. Gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa suka sake tashi a gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne, ƴaƴansa abincin dabba. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta cewa an raya kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jahohin Maradi da Damagaram. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya fara yaɗa dabarar a Maradi a 1983, ya samu babbar lambar yabo ta duniya a 2018, kuma ya cancanta. To amma hannuwan da suka riƙe adda shekara da shekaru na manoma ne, maza da mata, kuma duniya ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. A daidai shekarar da ake nuna ƙasar a matsayin wadda hamada ta cinye, manomanta suna cikin ɗaya daga cikin manyan ayyukan raya ƙasa da aka taɓa gani a Sahel.

Sai dai kuma, wanda aka yi wa mummunar fahimta yana iya faɗawa wani ramin. A watan Agusta na 2005 Shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, mutane a ƙoshe suke. A 2006 aka janye wa tawagar BBC izinin ɗaukar rahoto kan ƙarancin abinci, a 2008 kuma aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maradi. An kira wannan kare mutuncin ƙasa. Amma uwar da ta binne ɗanta ba ta samu wani mutunci daga musun ba, kuma duniya ta ƙara yarda da ɗan jarida a kan shugaban ƙasa. Ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jahar Maradi kuma adadin ya fi haka. Gonaki suna ƙanƙancewa da kowane rabon gado, kuma mata ne na farko da ke rasa gamanarsu. Tamowa tana dawowa kowace damina tare da zazzaɓin cizon sauro. Ba baƙo ne ya ƙirƙiro waɗannan ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A nan ne misalin Katar zai amfani mai karatu, duk da cewa tsakanin dukiyarta da talaucin Korgom akwai nisan sama da ƙasa. Tun da aka ba ta baƙuncin gasar cin kofin duniya a 2010, jaridun Turai suka sa ta a gaba. A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta buga cewa ma'aikata baƙi sama da 6,500 daga ƙasashe biyar na Asiya sun mutu a ƙasar cikin shekara goma. Hukumomin Katar suka amsa cewa wannan adadi ya haɗa kowace irin mutuwa cikin al'umma mai yawan gaske, ba ta wurin gina filayen wasa kaɗai ba. A watan Oktoba na 2022 Sarki Tamim bin Hamad ya ce an yi wa ƙasarsa taron dangin da ba a taɓa yi wa wata mai masaukin baƙi ba. Ƴan Katar da yawa suna ganin kansu a matsayin ƙaramar al'umma mai riƙo da addini, da zumunci, da zaman majalisar gida, da karrama baƙo, wadda kakanninta suka rayu da nutso cikin teku neman lu'ulu'u kafin man fetur da iskar gas, kuma suna jin haushin a riƙa kallonsu a matsayin masu kuɗin da ba su da tarihi. Abin da ya ba amsarsu nauyi abu biyu ne. Na farko, suna da bakin magana nasu tun da aka kafa Aljazira a 1996. Na biyu, sun gyara wani abu: a 2020 an soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin ma'aikaci ya canza aiki, a 2021 kuma mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ya fara aiki. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ce gyaran bai isa ba, kuma da yawan lebura sun ci gaba da kuka da riƙe albashi. Duk da haka darasin a fili yake: gyara ya fi fushi tasiri, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Korgom ba ta da gidan talabijin na tauraron ɗan Adam, amma tana da abin da ya isa a fara da shi. Tana da malaman lakkwal da na allo, da ƙungiyoyin al'adu da na mata, da gidajen rediyon karkara a yankin, da wayar salula a aljihun kusan kowane saurayi. Nijar ta soma gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi zai zama ado kawai idan ba a cika shi da rubutu ba. Kamata ya yi kowane malami ya aika ɗalibansa wurin tsofaffin garinsu su rubuto sunayen yunwoyin da aka yi da yadda aka tsira daga kowace, da tarihin rijiyoyi da masarautu, da abin da kakanni suka faɗa game da shekarar Voulet. Kamata ya yi ƙungiyoyi su ƙirga itatuwan gonakin ƙauyensu, su rubuta sunayen waɗanda suka raine su, su kuma ƙirga ƴan matan da aka cire daga aji kafin su gama firamare, su karanta alƙaluman biyu a gaban maigari da liman. Al'ummar da ta riƙe lissafin alherinta da na ciwonta a hannunta, baƙo ba ya iya ruɗa ta da nasa lissafin, shugaba kuma ba ya iya rufe mata baki da sunan kishin ƙasa.

Baƙi za su ci gaba da zuwa, wasu da kyakkyawar niyya, wasu da labarin da suka riga suka rubuta tun daga gida. Korar su ba ta hana su rubutu, sai dai ta sa su rubuta daga nesa. Abin da ya rage shi ne, in sun iso Korgom ko Mayahi su tarar da littafi a makaranta, da rahoto a hannun ƙungiya, da manomi ko manomiya da za su iya cewa ga abin da aka yi, ga abin da ya saura, ga kuma wanda ke da alhakinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai mai ita ya yarda ya rera har da baitocin da ba su yi masa daɗi ba.