Filin Motar Iyali: Ƙarar Ƙafar Mota a Kan Gargada

 Yau za mu duba ƙarar nan da ke tashi daga ƙarƙashin mota duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, wadda da yawa daga cikinmu kan yi maganinta da ƙara sautin rediyo.

Abin da aka saba shi ne, da mai mota ya shiga garaji ya ce yana jin ƙwanƙwasa, sai a ce masa amortisa ce. Ya sayi biyu da tsada, a ɗaura, ya hau hanyar laterit, ya tarar ƙarar tana nan daram. A ganinmu, amortisa ta fi kowane ƙarfe shan laifin da ba nata ba. Kayan ƙafar mota suna da gaɓoɓi da yawa, na roba da na ƙarfe, kuma zafin watan Afrilu da ya haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da lodin da ya wuce kima, robar suke fara cinyewa. Motocinmu kuwa galibi sun tsufa a Turai kafin su iso hannunmu.

Kafin a zargi kowa, a sauke kayan da ke bayan mota. Kirik da ba a ɗaure ba, ko tayar ajiya, ko bututun hayaƙi da robarsa ta tsinke, duk suna iya kwaikwayon ciwon ƙafa. Bayan haka a nemi hanya mai gargada inda babu cinkoso, a sauke gilashi, a tafi a hankali, a kasa kunne.

Ƙaramar ƙara mai sauri, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda ke yawaita idan taya ɗaya ce ta taka rami, ta ragu idan biyun sun hau tudu tare, yawanci daga biyelet take. Ɗan siririn ƙarfe ne mai haɗa ƙafa da sandar da ke hana mota karkata a kwana. Ya fi kowa surutu, kuma yana cikin mafiya araha. Bugu mai nauyi idan an faɗa rami ko an taka birki farat ɗaya yana nuni ga silanbulok, wato robar da hannun ƙafa ke juyawa a kanta. Idan kuwa mota na tsaye, aka murɗa sitiyari aka ji ƙas, a duba mazaunin amortisa na sama. Ita amortisar tana da shaidarta: a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Lafiyayya za ta ɗago ta tsaya, matacciya za ta yi ta lilo. Idan mai ya jiƙe jikinta yana gangarowa, ta gama aiki, amma ɗan danshi kaɗan ba hujja ba ne.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce rotil ta ƙasa, gaɓar nan mai kan ƙwallo da ke riƙe taya da hannun ƙafa. Ba ta da yawan magana. Wani lokaci ƙiƙi-ƙiƙi kawai take yi kamar tsohuwar ƙofa, bayan robar da ke rufe ta ta yage, yashi ya shiga ya gauraye da giris. Ranar da ƙwallon ya fita daga gurbinsa, taya kan kwanta, sitiyari ya daina jin magana. A cikin gari abin kunya ne da asarar kuɗi. A kan kwalta tsakanin Dosso da Dogondutsi, da gudu, da iyali a ciki, magana ce ta rai.

Gwajinta ba wuya. A ɗaga motar, a tokare ta da abin da ba ya gocewa, domin kirik shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: idan da wasa, rotil ce ko boris. A kama ta dama da hagu: idan da wasa, gaɓar sitiyari ce. A wasu motocin sai an cusa dogon ƙarfe an ɗaga kafin wasan ya bayyana. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa makaniki: "Maigida, nuna mini inda take wasa in gani." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Wajen gyara, ba mu yarda da dabarar bubbuga rotil da guduma ko cusa mata robar tsohon tib ba. Ƙarar kan ɗauke na ƴan kwanaki, haɗarin yana nan. Sabuwa ake sa mata. Amortisa kuma biyu-biyu ake canjawa, dama da hagu, kuma kada kowa ya kwance ta a gida, domin rasor ɗin da ke kanta a matse yake, idan ya kuɓuce yana iya karya ƙashi. Kada a shafa wa roba baƙin mai ko gazuwal don ta yi shiru, kumbura take yi ta ruɓe. Notin silanbulok ba a ɗaure shi tamau sai motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

In an taɓa rotil ko gaɓar sitiyari, a wuce wajen masu daidaita tayoyi, abin da ake kira paralelisim, tun kafin gefen sabuwar taya ya cinye.