Zumunta a Ƙafa Take

Ya kai ɗalibi, wataƙila wata rana karatu ko aiki zai kai ka wata ƙasa, kamar Masar ko Ingila ko Kanada. A ranar da ka sauka, abu na farko da za ka nema shi ne hanyar kiran gida. Wannan daidai ne. Amma ina so in ja hankalinka: wayar da take sada ka da mutanen gida tana iya raba ka da mutanen da kake zaune a cikinsu.

Kafin shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, kiran ƙasar waje abu ne mai wuya da tsada. Mutane da yawa sun dogara ne da wasiƙa, wadda take ɗaukar makonni kafin ta isa. Daga baya aka sami kira ta intanet. Manhajar Skype ta fito a 2003, WhatsApp kuma ta soma kiran murya a 2015, sannan kiran bidiyo a 2016. A irin wannan kira, wayarka tana mayar da muryarka ƙananan bayanai, ta tura su ta intanet, wayar abokin maganarka ta sake haɗa su su zama murya. Shi ya sa kuɗin data kawai kake biya, ko mutumin yana Legas ko yana Landan.

Babu mai musun amfanin wannan. Uwa tana ganin fuskar ɗanta, ta san ko yana cikin ƙoshin lafiya. Ɗalibi yana kallon bikin ƙanwarsa daga nesa. Kewar gida tana raguwa.

Matsalar tana farawa ne idan kiran ya cinye lokacin da ya kamata baƙo ya yi amfani da shi wajen sanin sabon wuri. Ka duba ɗalibin da yake komawa ɗaki da zarar an tashi daga aji, ya rufe ƙofa, ya yi awa uku yana hira da tsofaffin abokansa. Bayan shekara guda bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai iya gaisuwa da harshen garin ba. Jikinsa ne ya yi tafiya, zuciyarsa tana gida. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, abokin da yake Inugu ba zai iya kai shi asibiti ba.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, inda ɗaliban Nijeriya da dama suke karatu. Wutar lantarki da intanet suka riƙa katsewa, har aka kwashe ɗalibai da motoci zuwa iyakar Masar. A irin wannan hali, wanda zai nuna maka hanyar da babu haɗari, ko ya ba ka ruwan sha, shi ne mutumin da yake kusa da kai.

Fataken Hausawa da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan tun da daɗewa. Idan bafatake ya isa zango, yakan sauka wurin mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da masu saye da sayarwa. Ta haka aka kafa unguwannin zango a Kumasi da Akara, waɗanda suke nan har yau. Ba su manta da gida ba, amma sun yi abokai a inda suka sauka.

Wani zai ce, ai baƙo yana jin kunya, kuma ba kowa ne yake son baƙi ba. Gaskiya ne. Wasu za su share ka, wasu za su yi wa lafazinka dariya. Kai ma da kake koyon Hausa ka san haka: harshe ba ya zama a baki sai an yi kuskure an gyara. Abota ma haka take, sai da haƙuri da maimaita gaisuwa.

Don haka ga shawarata. Ka ware lokacin kiran gida, misali rabin awa da yamma ko ranar Asabar, ka gaya wa iyayenka don kada hankalinsu ya tashi. Ka koyi gaisuwa da godiya da harshen garin tun a makon farko. Ka shiga ƙungiyar ɗalibai ko ta wasan ƙwallo, ka riƙa zuwa masallaci ko coci na unguwarku. Idan ka karɓi lambar sabon aboki, ka kira shi don ku shirya haɗuwa, ku ci abinci tare.

Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take. Waya za ta riƙe maka tsohuwar zumunta, amma sabuwa sai ka tashi ka taka zuwa ƙofar maƙwabcinka ka yi sallama.