Dam ɗin Gubi: Tace Ruwa Daga Bakin Rafi Yake Farawa

Sama da shekara 40 ke nan birnin Bauchi yana shan ruwan Dam ɗin Gubi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 250 domin inganta ruwan sha a jihohin Bauchi, Ekiti da Ribas, kuma daga kason Bauchi aka faɗaɗa matatar Gubi, aka shimfiɗa sababbin bututu. Aikin ya cancanci yabo. Sai dai akwai wani sashe na tace ruwan da ba a ba da kwangilarsa, ba a kuma yi masa bikin buɗewa, wato wanda ke gudana a wuraren da rafukan Gubi, Tagwaye, Shadawanka da Ran ke zuba a cikin dam ɗin.

Da damina, rafi yakan kwaso duk abin da ya tarar a hanya: ganyaye, kashin dabbobi, ragowar taki daga gonaki, da ƙazantar da aka zubar a bakinsa. Da zarar ya shiga dam, gudunsa sai ya ragu, kayan da ya ɗauko su kwanta. A nan ne ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, ke cinye su, su mayar da su iska da sinadaran da tsirrai ke amfani da su. Haka abin yake a bakin kowane kogi a duniya.

Aikin kyauta ne, amma yana da iyaka, domin da iskar oksijin da ke narke a ruwa suke yin sa, ita kuwa 'yar kaɗan ce. Lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 9 a zafin digiri 20, amma ba ta kai 8 ba a digiri 30. Ke nan da bazara, lokacin da dam ya ja baya, ƙwayoyin na ƙara saurin ci, iskar kuma na raguwa. Idan ta ƙare, wasu nau'in bakteriya ne ke karɓar aikin, su kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai suke bari, ƙarfen da ke cikin laka ya narke ya sauya launin ruwa, kifi ya mutu. Kogin Tems na Landan ya kai wannan hali har aka ayyana shi matacce a 1957, kuma sai da aka gyara magudanan ƙazantar birnin sannan kifi ya dawo.

Abin da ƙwayoyin suka kasa cinyewa, matata ce ke biyan kuɗinsa da ƙarin alam da kulorin. Tun 1974 masani Johannes Rook ya nuna a Rotadam cewa kulorin, idan ya haɗu da irin wannan dauɗa, yana haifar da sinadarai masu illa irin su kulorofom. Wannan ba hujjar rage kulorin ba ce. Annobar kwalara ta 2021, wadda Bauchi ke cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta isa shaida. Hujja ce ta rage dauɗar tun kafin ta iso, musamman da yake bahayan da ke cinye oksijin shi ne ke ɗauke da cutar.

Dam ɗin na Jihar Bauchi ne, amma ma'aunin ingancin ruwa na tarayya ne. An kafa Hukumar NESREA a 2007, tana kuma da ƙa'idojin kula da ingancin ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa tun 2011. Gwajin da ake buƙata ba shi da tsada: a ɗebi ruwa a kwalba, a ajiye a duhu kwana 5 a digiri 20, a auna yawan oksijin da ya ragu. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa da harabarta a Gubi, maƙwabciyar dam ɗin.

Wannan jarida na kira ga Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da NESREA da hukumar ruwan jihar su riƙa yin wannan gwaji a bakin kowane rafi duk wata, su kuma wallafa sakamakon. Jami'an da ke tsara kasafi su ware wa kare bakin rafuka layinsa na kansa, kada ya ɓace a ƙarƙashin kuɗin sayen sinadarai. Shirin hana bahaya a fili da aka kafa wa dokar shugaban ƙasa a 2019 kuma ya fara da ƙauyukan da ruwansu ke gangarawa Gubi.