Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari

Duk wanda ya san Sabon Ibadan ya san cewa yawancin waken da ake ci a garin nan daga Arewa yake zuwa, daga kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, ya sauka Bodija a hannun 'yan'uwanmu. Abokin gabar wannan ciniki kuwa shi ne ƙwaro, wanda kan huda wake cikin 'yan watanni ya mai da buhu guda dusa.

Don gudun hasara, waɗansu sukan zuba wa wake fiya-fiya kafin su ajiye. Jama'a, wannan ganganci ne. Guba ce mutane ke sha a alale da ƙosai, har da 'ya'yanmu. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

To, ga mafita. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka sun fito da buhun PICS, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma cibiyar IITA da ke nan Ibadan tana cikin waɗanda suka yaɗa shi a Nijeriya. Buhu uku ne a haɗe: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In aka ɗaure bakin kowanne daban, iska ba ta shiga. Ƙwarin da ke ciki sai su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Sharaɗinsa dai wake ya bushe sarai, kada leda ta huje, a kuma kiyaye ta daga ɓera.

Lalle ya fi buhun da muka saba tsada, amma araha ba ta ado. In an lura da shi, yakan yi shekara biyu ko uku ana amfani da shi.

Muna kira ga shugabannin Hausawa na Sabo da dillalan Bodija su haɗa kuɗi su riƙa sayo shi da yawa, su kuma tsawata wa mai zuba guba. Mu baƙi ne a Kurmi, amana ce jarinmu. Ranar da aka ce waken Bahaushe ya kashe wani, ba za a tambayi sunan mai rumfa ba, dukanmu za a nuna wa yatsa.