Siliniyom da Cutar Soriyasis: Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama

'Yan uwa malamai da iyalanmu, tallar ƙwayoyin siliniyom a matsayin maganin soriyasis ta yawaita a wayoyinmu, har wasu na zuba albashinsu a kai. Ra'ayinmu shi ne a dakata.

Soriyasis cuta ce da garkuwar jiki ke haddasawa. Fatar da ke sabunta kanta cikin kimanin wata guda sai ta riƙa yin haka cikin 'yan kwanaki, ta yi kauri, ta yi ɓawo mai ƙaiƙayi, galibi a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. Sanyin hunturu kan tsananta ta. Ba kuturta ba ce, ba makero ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa babbar cuta ce marar yaɗuwa.

Shi kuwa siliniyom, wanda Berzelius ɗan ƙasar Suwidin ya gano a 1817, sinadari ne da ke taimaka wa jiki kare ƙwayoyin halittarsa. Gaskiya ne bincike ya sha samun ƙarancinsa a jinin masu soriyasis. Amma haɗuwar abu biyu ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan, kuma gwaje-gwajen da aka ba marasa lafiya ƙarinsa ba su tabbatar da waraka ba.

Akwai kuma haɗari. A ƙa'idar Amurka, baligi na buƙatar maikirogiram 55 kacal a rana, kuma kada ya wuce 400. Yawansa kan zubar da gashi, ya farfasa farce, ya sa baki warin tafarnuwa. Kifi, ƙwai, nama da hanta sun wadatar da mafi yawan mutane.

Saboda haka muna kira ga duk mai wannan lalura da ya nemi likitan fata, ya lizimci shafa mai, kada ya bar maganin asibiti don wata kwalba mai tsada. Mu kuma a aji, kada mu raba ɗalibi da benci ko abokan wasansa saboda ɓawon fatarsa. Tsangwama kan kori yaro daga makaranta. Ranar 29 ga Oktoba ce Ranar Soriyasis ta Duniya. Mu ware mintuna goma a taron safe na ranar, mu faɗa wa yara gaskiyar lamarin.

Allah Ya ƙara mana lafiya.